Na Je Damagaram Koyon Shiga Gidan Mutane

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a wajen niƙa a tambaye ni. Ran kasuwar Kibiya ma sai da wata ta tsayar da ni da kwandon tumatir a kanta, wai ko gaskiya ne matan can suna tuƙa babur. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ga shi kowa abin dariyar kawai yake so, ba a bari in kai ga abin da ya fitar da ni daga gida. Shi ya sa na sayi littafi da biro na zauna.

Sunana Kande, ungozoma ce ni, na fi shekara talatin ina karɓar haihuwa a ƙauyenmu kusa da Kibiya. Dole in fara da abin da na aikata, don in na ɓoye shi ba wanda zai gane dalilin tafiyar.

Wajen shekara goma sha biyar da suka wuce, wasu ma'aikatan lafiya masu bincike suka zo ƙaramin asibitinmu suna gwada jinin mata masu ciki. Suna neman ƙanjamau da cututtukan sanyi da ake ɗauka ta wajen kwanciya. A lokacin sai an kai jinin birni kafin a san sakamako. Wadda aka ga ba komai, ba a sake nemanta. Wadda aka ga wani abu, sai a ba ni sunanta in je in kira ta. Na ji daɗin wannan matsayi, ba zan yi ƙarya ba. To kowa ya san yadda muke, ba a shiga gida a wuce ɗakin tsohuwa. Sai in yi sallama, in gaida uwar miji, ta ce lafiya dai, in ce lafiya ƙalau, ana neman wance ne a asibiti. Ban taɓa kiran sunan cuta ba, kuma da wannan na yi ta kare kaina shekara da shekaru. Amma ba a yi wata biyu ba mutane suka gane. In aka ga Kande ta shiga gida alhali ba mai naƙuda, to akwai magana.

Hadiza na cikin waɗanda na kira. A ranar uwar mijinta ta ware mata kwano da buta. Mijin, wanda shi ne mai yawon fatauci, ba wanda ya ce ya je a duba shi. Hadiza ba ta sake taka asibiti ba, ba ta karɓi maganin da aka tanadar mata ba. Ta haihu, jaririn bai cika shekara ba, ita ma daga baya ta bi shi. Ta bar 'ya mai shekara bakwai, Rukayya.

Yanzu Rukayya matar aure ce, tana da cikin fari wata huɗu, kuma ta ƙi zuwa awo. Gwaggonta Ladi ta gaya mini yarinyar tana fama da ƙaiƙayi da zubar ruwa, tana ta shan jiƙe-jiƙen saiwa. Ga shi an ce masu bincike za su dawo bayan kaka, matan unguwarmu kuwa sun haɗa baki ba mai ba da jini. In Rukayya ta hango ni a hanya, sai ta sauya lungu.

Ana cikin haka Malama Saratu, ma'aikaciyar jinya daga Rano wadda za ta kula da aikin a wajenmu, ta zo ta same ni. Ta ce ana son tsohuwar ungozoma ta raka ta Damagaram na kwana huɗu, a ga yadda takwarorinmu na can suke shawo kan mata su yarda da gwaji. Na ce ta nemi wata, ni ce na ɓata abin. Ta ce ai shi ya sa ta zo wurina. Ɗana ya ce gwiwata ba za ta ɗauki zaman mota ba. Na ce masa gwiwar tawa ce, shi dai ya kai ni tasha.

Muka tashi da hantsi daga Kibiya, mu huɗu a kujerar mutum uku, da buhun albasa a ƙarƙashin ƙafata. A Rano muka sauya mota. Kafin mu kai Bunkure taya ta fashe, direba ya buɗe bayan mota sai ga ta gyaran ma ba iska. Ya hau babur da ita ya tafi neman mai faci, mu kuma muka zauna gindin mangwaro muna cin gyaɗa kusan awa guda. A Kano Malama Saratu ta riƙe hannuna muka tsallaka titi kamar ni ce yarinyar, na ji haushi amma ban ƙwace ba, don masu adaidaita sahun birni ba sa ganin furfura.

A motar Daura na zauna kusa da wata 'yar kasuwa mai kai atamfa da kwanukan roba Damagaram. Mace mai fara'a, har ta ɓare mini goro. Da ta tambayi abin da zai kai mu, Malama Saratu ta ce aikin ƙanjamau ne, sai na ga matar ta tattara gefen mayafinta ta matsa jikin ƙofa. Ba ta sake magana ba har Kazaure. Amma da aka tsaya sallar azahar, muna alwala, ta matso kusa da Malama ta yi ƙasa da murya. Wai wata ƙawarta ce take fama da sanyi shekara biyu, ta sha maganin kemis har ta gaji. Malama ta ce a gaya wa ƙawar ta je a gwada ta, kuma ta tafi da maigidanta, in ba haka ba ana yi mata magani yana sake ba ta. Matar ta ce, “Ai shi ba zai je ba.” Ta manta da ƙawar.

Daga Daura zuwa Kongolam ba nisa. A nan iyaka take. Ni da na zata zan ga ganuwa ko kogi, sai na tarar da sanda ce a gicciye da rumfa da mutane masu kaki. Gonar gero ta wannan gefen ita ce ta wancan gefen. Aka karɓi katin ɗan ƙasa da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. Da muka isa wajen jami'an Nijar, ɗaya ya buɗe jakata ya ciro ƙullin da na yi wa leda uku, ya tambayi mene ne. Na ce daddawa ce, tsarabar masu masauki. Bai yarda ba sai da ya kwance ya kai hanci, ya ja da baya yana atishawa, abokan aikinsa suna dariya. Da ya ga a katina an rubuta Kano, sai ya ce ashe bayinmu ne suka zo gaida iyayen gidansu. Kun san wasan Kanawa da Damagarawa. Na ce masa, yaro, kakanninku ai sun zo har bakin ganuwarmu, suka ɗaga kai suka ga tsawonta, suka juya gida. Ya ce a wuce da tsohuwar nan kafin ta tada yaƙi.

Muka bi ta Matameye muka isa Damagaram da la'asar sakaliya. An sauke mu a ɗakin baƙi a bayan wani asibiti, su can gidan likita suke cewa. Ɗaki mai tsabta, gado biyu da gidan sauro. Banɗakin ne ya ba ni wuya. Na murɗa famfo don in cika buta, ruwa ya zubo mini daga sama, na fito sharkaf da zane da ɗankwali. Malama Saratu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Da safe aka kawo mana shayi da wani burodi dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri. Haƙorana da suka rage ba su da yawa, kuma ina son in koma gida da su, don haka sai na jiƙa shi a shayi har ya yi laushi. Da rana fura ce, ba a wasa da ita, kuma furar tasu ta fi tamu gero. Na ci dambun zogale mai man gyaɗa wanda har yau nake tunawa. Maza suna dafa wani shayi mai ɗaci a ƙaramar buta, a sha a ɗan kofi kamar murfin kwalba, sau uku, kuma sai a shafe awa biyu a kansa. Hausarsu tamu ce, sai dai ma'aikata in sun ɗauko zance sukan zarce da Faransanci, sai ka zauna kana jira su dawo. Ƙanjamau kuwa sida suke ce masa. Maganar babur gaskiya ce. Na ga mace da hijabinta har ƙasa tana tuƙi, da goyo a bayanta, ba wanda ya ko waiwaya.

Aka yi zama da likitoci aka nuna mana takardu, wannan Malama Saratu ce ta gane shi. Ni aka haɗa ni da wata ungozoma, Hajiya Mariyama, tsohuwa siririya da ta girme ni, mai saurin tafiya kamar ana korarta. Tana ganina ta ce an ba ta baiwa daga Kano, in ɗauki jakarta. Na ɗauka.

Ranar ana kiran matan da aka ɗebi jininsu su koma gidan likita. Na zata za ta ciro takarda mai sunaye. Sai na ga ta fara daga gidan farko na layin. Ta yi sallama, ta gaida tsohuwar gidan kamar yadda muke yi, ta ce gobe ranar mata ce a gidan likita, duk wadda ta ba da jini ta je, wadda ba ta bayar ba ma ƙofa a buɗe take. Muka fito muka shiga na biyu, magana ɗaya. Na uku ma haka. Akwai gidan da ba kowa sai wata makauniyar tsohuwa da akuyarta, nan ma sai da ta shiga ta faɗa. Da muka kai gida na goma sha wani abu gwiwata ta fara ciwo, na ce mata, Hajiya, me zai hana mu je gidajen waɗanda ake nema kawai?

Ta ce, “Waɗanne ne ake nema?”

Na ce ai ita za ta sani.

Ta ce, “Ban sani ba. Ba a gaya mini, ni ma na ce kada a gaya mini. Ina da baki, ina da ƙawaye, ina zuwa biki. Me zan yi da shi?”

Ta ce in ta tsallake gida ɗaya, gobe za a ce me ya sa ta shiga na kusa da shi. Don haka ba ta tsallakewa, ko gidan liman ne, ko nata.

Washegari na zauna a barandar gidan likitan ina kallo. Mata sun kai talatin a kan tabarmi. Kowacce ta shiga ɗaki ita kaɗai a rufe ƙofa. Na lura ba wadda take fitowa da wuri. Na tambayi ma'aikaciyar, ta ce da gangan ne. Wadda ba ta da komai ma sai an zaunar da ita an yi mata bayanin abinci da shayarwa da tsabta, har ta cika lokacin da mai ɗauke da cuta za ta ɗauka. Kuma kowacce tana fitowa da baƙar leda iri ɗaya a ɗaure. Wata maganin ƙarin jini ne a ciki, wata na sanyi, wata na ƙanjamau. Ni da nake alfahari ina gane mai ciki tun kafin ita ta sani, na zuba ido a fuskokinsu har azahar, ban iya ware ko ɗaya ba. Ma'aikaciyar ta ƙara gaya mana cewa mai ciki in ta fara shan magani da wuri ta kuma riƙe shi, galibi jaririnta yakan tsira, ita ma ta rayu ta yi jikoki. Na san wannan magana, an faɗe ta a gabana tun zamanin Hadiza. Amma a ranar ne ta zauna mini a ƙirji.

Da yamma muna zaune a tsakar gidan Hajiya Mariyama tana tsinke zogale, sai na ba ta labarin Hadiza duka. Ban taɓa ba wa kowa shi daga farko har ƙarshe ba. Na sa rai za ta ce ƙaddara ce, ko ta ce laifin waɗanda suka aike ni ne. Ba ta ce ba. Ta ce su ma da haka suka fara, ita ma akwai ƙofar da har yau in ta zo wucewa take sunkuyar da kai. Sai ta tambaye ni ko na gaya wa 'yar. Na ce yarinyar ba ta ko son ganina. Ta ce ba ta tambaye ni abin da yarinyar take so ba.

Ta ce, “Allah kin roƙe shi, na sani. Amma ba shi kika shiga gidansa ba. Ki je ki faɗa mata da bakinki, kada ki ce an aike ki, kada ki yi mata kuka don ta ji tausayinki. In ta kore ki, ki koma.”

Ranar dawowa ta raka mu tasha da ƙullin kilishi, ta ce in kai wa Kanawa su san daɗin nama. Hanya ta yi mana kyau, sai dai a Daura aka ɗora mana tumaki biyu a bayan kujera, ɗaya ta cinye gefen ledar kilishin kafin in farga. Tun daga Kazaure har Kano ni da Malama Saratu muna tsara yadda za a yi. Na ce sharaɗina ɗaya ne, kada a sake ba ni sunan kowa. Ta ce ko na roƙa ba za ta bayar ba.

Na kwana biyu ina shafa man zafi, ran na uku na fara. Daga gidan farko na bakin rijiya na ɗauko. Na gaida tsofaffi, na ce ran Laraba ranar mata ce a asibiti, kuma ni ce ta farko da za ta miƙa hannu a ɗebi jini. Wata tsohuwa ta ce, ke Kande da shekarunki, me za a samu a jikinki ban da kunu? Na ce ta zo ta gani. Na shiga gidan liman, na shiga gidan mai unguwa, na shiga gidan ɗana na faɗa wa surukata a gaban maƙwabta. Kafin la'asar labari ya zaga cewa Kande tana bin gida-gida, ba ta bar kowa ba.

Gidan su Rukayya shi ne na ashirin da uku. Na yi wa uwar mijinta maganar da na yi wa kowa, sannan na nemi izinin ganin yarinyar. Tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Na zauna a ƙasa, ba ta ba ni tabarma ba. Na ce mata ni ce na tona asirin mahaifiyarta. Na ce ban faɗi cuta da baki ba, amma shigata gidan ta faɗa, kuma na san mutane sun gane tun kafin ranar, na ci gaba saboda ina jin daɗin a ce ni ce na san komai. Na ce da na yi hankali, da wataƙila Hadiza ta sha magani, da jaririn, ƙanin Rukayya, yana nan. Na ce ban zo don ta yafe mini yau ba, na zo ne saboda abin da ke cikinta da ciwon da take ɓoyewa.

Ta daɗe tana tura itace a wuta. Sannan ta ce tana tsakar gida ranar, ta ji komai. Ta ce tun tana yarinya in ta sha ruwa a gidan mutane sai ta ga an ɗauraye moɗar sau biyu.

Ta ce, “In na je, Inna, ba tare da ke ba. Kuma duk abin da aka gani, kada ya zo kunnenki.”

Na ce ba zai zo ba.

Ta ce, “Haka kika ce wa Ummata?”

Na ce a'a, ita ban yi mata alkawarin komai ba, ban ma tambaye ta ba. Ta ce in tashi in tafi, tuwonta zai kama. Na tashi na shiga gida na ashirin da huɗu.

Ran Laraba na miƙa hannuna aka ɗebi jini a gaban mata goma sha ɗaya. Ba su da yawa, amma a da ba ko ɗaya. Rukayya ba ta zo ba. Na sake zaga unguwar kaf a mako na biyu, na sake a na uku. A Laraba ta uku ina zaune a baranda sai ga ta da hijabi ruwan toka, ita kaɗai. Ta wuce ni ba ta gaishe ni ba. Na tashi na koma bayan asibiti wajen masu sayar da ƙosai, don kada ta fito ta tarar da idona a kanta.

Maza har yanzu ba su fara zuwa ba, kuma wannan shi ne aikin da ke gabanmu. Na riga na yi wa liman da mai unguwa magana sau biyu, zan koma ta uku.

Shekaranjiya Ladi, gwaggon Rukayya, ta zo gidana da sassafe. Ta rufe ƙyaure, ta zauna kusa da ni, ta ce don Allah in gaya mata me aka gani a jinin yarinyar nan, ita ba za ta faɗa wa kowa ba. Na ce ban sani ba. Ta ce haba Kande, ke da ba abin da ke wuce ki a garin nan. Na ce wallahi ban sani ba, kuma ba zan tambaya ba. Ta kalle ni ta kalle ni, ta ga da gaske nake, ta ɗauki takalmanta ta fita tana mita.